Faɗi Sunan Mijinki

Itacen ɗanye ne, wutar ta ƙi kamawa. Saude ta gaji da fifitawa, ta sunkuya tana hurawa da baki, hayaƙi na cika mata ido. Ruwa ya ɗauke tun hantsi amma tsakar gidan duk taɓo ne, kaji ma sun rasa wurin tsayawa sun haye kan turmi. A ƙofar ɗaki surukarta Hajjo na zaune kan tabarma tana burga nono a ƙwarya.

Mu'azu ya yi sallama ya shigo, laka har gwiwa. Shi ne mijin Saude, aurensu bai kai shekara ba. Helma ne, wato shugaban lebura, a ramin zinariya da ke cikin daji, can bayan Birnin Gwari, inda wani kamfanin Turawa ya daɗe yana haƙa. Sai dai zinariyar ta ja baya, kullum a wanke ƙasa a tashi da gajiya kawai, har kamfanin ya ce zai naɗe tabarmarsa ya koma ƙasar Gwalkwas, can bakin teku.

Ya tsuguna nesa da tabarmar uwarsa.

"Inna, an kira sunayen waɗanda za a tafi da su. Ina ciki."

Hajjo ba ta ɗago ba. Bafulatana ce, daga ruga marigayi Abarshi ya auro ta. Mu'azu kuwa ɗan farinta ne, kuma shi kaɗai ya rayu a cikin 'ya'yanta. Tun ranar da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. In tana da magana da shi, da ƙwarya take yi ko da bango, shi kuma ya tsinta.

"A gaya wa wancan," ta ce da ƙwaryar, "Gwalkwas ba bayan gari ba ce."

"Na sani, Inna. Amma aiki ne mai kyau, ba lebura zan je ba. Har kwatas ake ba mai iyali, ɗaki da ɗan tsakar gida. Manaja ya ce in dai an yi wa Saude fasfo—"

Maburgin ya tsaya.

"Wa za a yi wa me?"

"Fasfo, Inna. Takardar fita ƙasa, da hoto da hatimi. A Zariya ake yi. In ba ita ba a barin mace ta haye."

"Wancan ya tafi, ƙafarsa ce. Yarinya kam tana nan."

Saude ta ƙara cusa kai cikin hayaƙi. Hawayen da ke zuba ba wanda zai ce ba na hayaƙi ba ne, a ranta har ta gode wa ɗanyen itacen.

Kada mai karatu ya ɗauka Hajjo muguwar suruka ce. Tun da aka kawo Saude daga Damari take ji da ita. Man shanun da ta ɓoye ita take ɗiba wa, in zazzaɓi ya kama ta ita take kwana tana taɓa goshinta. Washegari ma, suna tsintar wake su biyu, da kanta ta buɗe mata cikinta.

"Ke 'yar nan, kin san yadda muke yi a ruga in za a saki saniya kiwo?"

Saude ta girgiza kai.

"Maraƙi ake ɗaurewa a gida. Ko ina uwar ta kai a dajin nan, yamma na yi za ki gan ta tafe tana kuka. To ke ce maraƙina. In na sake ku ku biyu, wa zai juyo da shi? Mutum nawa suka bi hanyar goro daga garin nan, ko ƙasusuwansu ba a gani ba?"

Saude ta ci gaba da tsintar wake. Me za ta ce? Ta ce tana son mijinta? Ai ko da wuƙa a wuya ba ta iya furta wannan a gaban suruka.

Mu'azu ya shiga zarya. Ya je wurin liman, ya je wurin abokan mahaifinsa, dattawa suka zo suka zauna a zaure suka yi ta ba Hajjo baki ta bayan zana. Ta ƙi. Sai ran nan, bayan ta dawo daga barkar haihuwa a gidan wani direban kamfani da aka riga aka yi wa matarsa fasfo, ta ce da bango:

"To a je Zariyar. Amma da ni. Ba a kai matar aure gaban maza babu babba."

Mu'azu ya yi ta godiya har da sa goshi ƙasa. Saude ce kaɗai ta lura da yadda surukarta ta yarda cikin sauƙi, ta kuma lura cewa a gidan barkar Hajjo ta daɗe a ɗaki tana tambayar matar direban.

Motar kaya suka samu mai bin Funtuwa. Suka zauna kan buhunan dawa, dajin ya rufe su hagu da dama, ƙudan tsando na bin su. Motar ta kafe a laka, maza suka sauka suka tura, ta yi gaba kaɗan ta sake kafewa. A nan ne, Mu'azu na ƙasa yana turi, Hajjo ta gyara mayafinta ta ce kamar da buhu take:

"Ni dai har mai gidanmu ya koma ga Allah bai taɓa jin sunansa a bakina ba. A danginmu, wadda ta kama sunan miji, a bakin rijiya ake ba da labarinta har jikokinta su ji."

Saude ta ce, "Haka ne, Inna." Ba ta gane inda maganar ta dosa ba sai da suka isa.

A Zariya aka fara kai ta wurin mai hoto. Mutumin ya shige cikin baƙin ƙyalle yana ta roƙonta ta ɗaga kai, da ƙyar aka samu idonta ya fito. Daga nan sai ofis. Suka zauna a baranda tun safe, benci ya gaji da su, su ma suka gaji da shi. Da rana ta take masinja ya leƙo ya ce matar ta shigo da babbarta, mijin ya tsaya waje.

Akawun Bahaushe ne, Malam Ƙasimu, mai furfura kaɗan a gemu da idon wanda ya yi tambaya ɗaya sau dubu. A bayansa, a wani tebur, Bature na zaune da takardu, yana jin Hausa daidai gwargwado.

"Sunanki?"

"Saude."

"Garinku?"

"Damari. Amma a Birnin Gwari nake aure."

"Madalla. Faɗi sunan mijinki, da na mahaifinsa."

Saude ta sunkuyar da kai. Ta dubi tabarmar da ke shimfiɗe, ta dubi ƙafarta. A gefenta Hajjo na zaune tana jan carbi a hankali, ƙwaya bayan ƙwaya, ba ta kallon kowa.

"Yana waje, ranka ya daɗe," ta ce da ƙyar. "A tambaye shi."

"Na san yana waje, ni na ce ya tsaya. Ke nake tambaya."

"Mai... mai sunan limamin Gayam ne."

Malam Ƙasimu ya ajiye alƙalami ya murza ido.

"Baiwar Allah, ni ina na san limamin Gayam? Jiya wata ta ce mini mai sunan ranar da aka yi girgizar ƙasa. Ki ji in gaya miki. Akwai marasa tsoron Allah da ke kwasar 'yan mata su haye da su da sunan aure, can kuma a jefa su a abin da baki ba ya faɗa. Shi ya sa aka yi oda, mace ta faɗi sunan mijinta da bakinta, Baturen nan ya ji ya duba takarda ya ga daidai ne. Ba ni na yi odar ba. Kalma biyu ce."

Ta buɗe baki. Leɓenta ya haɗu kamar za ta fara. Sai ƙwayar carbi ta faɗa kan 'yar'uwarta, ƙas, ƙaramin sauti ne ƙwarai, amma a kunnen Saude kamar an rufe ƙofa. Sunan miji, da sunan suruki, a gaban matar da ta haifi ɗaya ta binne ɗaya. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Baturen ya ce wani abu da Turanci ba tare da ya ɗago ba. Malam Ƙasimu ya rufe fayil.

"Sau biyu ake ba da dama. Kin ci ɗaya. In kin dawo kin kasa, an rufe ke nan."

Suka kama hanyar komawa. Ruwa ya same su a daji, suka isa gida jiƙe, Saude ta hura wuta ta ɗora tuwo kamar ba inda aka je.

Sai da suka fita bakin daji neman itace Mu'azu ya sami bakin magana. Ya sara reshe ya jefar da gatarin.

"Kalma biyu, Saude. Mu'azu Abarshi. Ga shi na faɗa, sama ta faɗo?"

"Kai naka ne."

"To ke na wa ne? Kin san irin layin da na bi kafin a sa mu a lis ɗin masu fasfo? Kin san sau nawa na cire hula a gaban manaja? Mun sha laka har Zariya, kika je kika ce mai sunan limamin Gayam. Wallahi har masinja sai da ya yi mini dariya."

Ta ci gaba da tara itace.

"Kafin azumi kamfani zai tashi. In babu fasfo ɗinki, ɗakin gwauraye za a jefa ni, mutum takwas a ɗaki. Ko kuwa in zauna nan in yi me? Gonar Baba ko akuya ba ta ƙoshi da ita."

"Inna tana wurin," ta ce a hankali.

"Ai na gane. Tun a mota na gane. Tarko ta ɗana, ke kuma kika sa ƙafa da bismilla."

Ya zauna kan kututture ya dafe kai. Ba faɗa yake ji ba, gajiya ce. Ta lura ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta so ta ce masa wani abu mai daɗi, ba ta san ta inda ake farawa ba, sai ta kwance ɗan ƙullin gyaɗar da ta zo da shi ta ajiye kusa da ƙafarsa.

Daga ranar ta shiga koyo. Ba ta da wurin da za ta ɓuya a gidan, sai ta samo dabara a wurin daka. In ta ɗaga taɓarya ta sauke, a daidai lokacin da turmi ya amsa, sai ta saki sunan a ƙarƙashin ƙarar. Da farko rabinsa ke fita. A hankali ya fara fita duka, ita kanta tana jin kunyar kunnenta. Dawa ta daku har ta wuce misali, tuwon gidan bai taɓa laushi haka ba.

Ran nan Hajjo ta zo wucewa da buta, ta ɗan tsaya.

"Ikon Allah. Turmin nan ya koyi magana."

Ta wuce abinta. Saude ta tsaya da taɓarya a sama, ta rasa inda za ta sa kanta. Yinin ranar ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Mu'azu kuwa da ya ji labarin turmi sai ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun dawowarsu. Ya same ta a bayan gida tana shanya kuɓewa, ya rage murya.

"To ai an gama. Ranar kasuwa za mu ce za ki Damari gaida iyayenki. Mu tari mota a kan hanya, sai Zariya. In ba Inna a gefenki ai za ki iya, ko?"

"Zan iya."

"Shi ke nan."

"Ba zan je ba."

Ya dube ta kamar bai ji daidai ba.

"Matar da ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, in yi mata ƙarya da sunan iyayena in fice? In mun je can da wane maƙogwaro zan haɗiye abinci? In ta sake ni, ko bangon duniya ne ina bayanka. In ba ta sake ni ba, ka tafi. Ina nan."

"Har yaushe?"

"Har yadda Allah ya rubuta."

"Saude, ke wai kina sona kuwa?"

Ta juya kuɓewar da ba ta bukatar juyi. Can ta ce, murya kamar ta sauro:

"Da ba haka ba, me zai sa in koya wa turmi suna?"

Maganar ta shige shi, amma ba ta kashe wutar ba. Ya juya ya nufi cikin gida. A tsakar gida ya tarar da Kawu Bakoji, ƙanen Hajjo, ya zo daga ruga da sandarsa da goran nono, suna zaune suna Fillanci. Mu'azu ya gaishe shi a gurguje, sannan ya tsuguna a inda ya saba, nesa da tabarma.

"Inna, kin ci. Na ce mu sulale ranar kasuwa ba da saninki ba, ta ce ita ba ta yi miki ƙarya. Ta iya faɗin sunan, amma ta zaɓe ki. To ga ta nan, ki riƙe. Ni zan tafi ni kaɗai, tunda haka ake so."

Ya tashi ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Bakoji ya tambayi abin da ke faruwa, Hajjo ta ba shi labari a taƙaice, har da zancen saniya da maraƙi. Saude na bayan zana da faifan kuɓewa, tana jin su. Tsohon ya daɗe yana sakace haƙori da tsinke.

"Adda, kin daɗe a birni, kiwo ya fara ɓace miki."

"Kamar yaya?"

"Saniya ce ke dawowa don maraƙi. Yaushe kika taɓa ganin bijimi ya dawo don an ɗaure wani abu a gida? Bijimi in ya tafi shi kaɗai, garken da ya tarar a can shi yake bi. Sai dai in akwai mai kiwo a bayansa, wanda ya san hanyar gida." Ya nuna zana da tsinken. "Wadda aka buɗe wa ƙofa ta ƙi fita sai da izininki, ita kike tsoron ta hana shi dawowa?"

Hajjo ta ce masa ya sha furarsa ya bar surutu.

Amma daga ranar ta yi shiru. Ta daina burga nono, ta daina zuwa barka. Takan zauna a ƙofar ɗaki tana kallon Saude na kai da kawowa, shara, wanke-wanke, ɗiban ruwa, ba gunaguni, ba kumbure fuska. Mu'azu ya sayo akwatin ƙarfe ya ajiye a zaure, kowa ya shigo sai ya yi tuntuɓe da shi. Saude ta wanke masa tufafi ta ninke ta jera a ciki, ta ɗinke masa inda ya yage, ta daka masa yaji da kuka da daddawa ta ƙulla a tsumma daban-daban yadda namiji zai gane. Tana yi hawaye na sauka kan ƙullin, tana gogewa da bayan hannu ta ci gaba. Duk a idon Hajjo.

Watan Sha'aban ya yi nisa, ana ta zancen tsayuwar wata. Wata safiya Hajjo ta fito da mayafinta na unguwa, ta tsaya a tsakiyar gida.

"A nemi mota."

Hanyar dai ita ce, ta ƙara lalacewa ma. Wata gada ta karye, suka sauka suka haye da ƙafa, Saude na riƙe da hannun surukarta. A wannan karon Hajjo ba ta ba da labarin danginsu ba. Har suka isa Zariya Saude ba ta san ko sakinta za a yi ko ƙarasa rufe fayil ɗin aka zo yi ba. Mu'azu ma bai sani ba. Ya zauna a barandar ofis ya zuba wa ƙasa ido.

Masinja ya kira su. Malam Ƙasimu ya gane su tun daga ƙofa.

"A'a, mutanen limamin Gayam. To, Allah ya sa yau a dace. Kin san wannan ce ta ƙarshe." Ya buɗe fayil. "Faɗi sunan mijinki, da na mahaifinsa."

Saude ta dubi fayil ɗin. A gida, a ƙarƙashin taɓarya, sunan ya saba da bakinta. A nan babu turmi. Akwai Bature, akwai akawu, akwai Inna a gefenta har tana jin ɗumin jikinta. Ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta sake gwadawa. Malam Ƙasimu ya yi ajiyar zuciya ya kai hannu ga bangon fayil ɗin.

Sai Hajjo ta miƙe. Ba akawu ta fuskanta ba, ƙofa ta fuskanta. Ta tsaya kamar mai shirin tsallake rafi, ta damƙe carbinta, sannan ta ɗaga murya:

"Mu'azu."

A baranda aka ji benci ya faɗi.

"Na'am... Na'am, Inna!"

Ya bayyana a bakin ƙofa, masinja na riƙe da hannun rigarsa. Ya tsaya yana kallon uwarsa baki buɗe, ƙaton namiji mai gemu, helman mutum arba'in, hawaye na bin kumatunsa bai ma sani ba. Tun da aka haife shi bai taɓa jin yadda sunansa yake a bakinta ba.

Malam Ƙasimu ya cire tabarau a hankali.

"Inna, ɗan farinki ne?"

Hajjo ta kau da kai. Ta koma ta zauna, ta juyo ga Saude.

"Na taka miki ƙayar. In za a ba da labari a bakin rijiya, da ni za a fara. Saura naki. Amma na biyun, na mai gidanmu, kam ba da kunnena ba."

Ta sa yatsu ta toshe kunnuwanta duka biyu, ta runtse ido.

Saude ta dubi tsohuwar, ta dubi mijinta a bakin ƙofa. Ta ɗaga kai, yadda mai hoto ya yi ta roƙo bai samu ba.

"Mu'azu," ta ce. "Mu'azu ɗan Abarshi."

Baturen ya duba takardar gabansa, ya gyaɗa kai, ya jawo hatimi ya buga. Shi a wurinsa aiki ne ya wuce, har ya miƙa hannu ga fayil na gaba. Malam Ƙasimu ne ya daɗe yana busa tawadar da ta riga ta bushe.

"Ki taɓa ta," ya ce da Saude. "Ki gaya mata an gama, ta buɗe kunne."

Kwana kaɗan kafin azumi suka tashi. Hajjo ta raka su har bakin mota, ta danƙa wa Saude ɗan goran man shanu, ta riƙe hannunta ta daɗe ba ta saki ba. Sai da karen mota ya buga ƙarfe sannan ta sake ta.

Zaman Gwalkwas bai zo da sauƙi ba. Harshe daban, abinci daban, ruwan sama ba ya ɗaukewa, Mu'azu ya fita da duhu ya dawo a gajiye. Amma in ya dawo akwai wadda ke jiransa, kuma duk wanda zai taho Arewa sai Saude ta tsaya a kansa ya aika wa Inna saƙo. Da hutunsa ya zo yana cewa hanya da nisa a bari sai baɗi, ita ce ta ɗaure kaya ta zauna a kansu har ya tashi. Suka iso Birnin Gwari da jaririya a baya, wadda aka raɗa wa Huraira, sunan yanka na Hajjo. Ga 'yar fari, ga sunan suruka, Saude ta sake samun wani sunan da ba ta iya faɗa. Hajjo ta karɓi takwararta ta ɗora a cinya, ta yi dariya har sai da ta share ido.

'Yan'uwana mata, abin da nake so mu ɗauka ke nan. Kunya ado ce, kada mu yar da ita. Amma iyaye su ji tsoron Allah, kada su mai da kunyar yaro igiyar ɗaure shi, don yaron kirki ne kaɗai irin wannan igiyar ke kamawa. Mu kuma yara, in an rufe mana ƙofa kada mu haura katanga. Da Saude ta sulale ranar kasuwa da ta sami hatimin Bature, ta rasa albarkar uwa, kuma babu ofishin da ake buga wannan. Ta yi haƙuri, ta sami duka biyun. Allah ya ba mu haƙurin da ba ya ƙarewa kafin lokacinsa, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.